Basir Ne, Aka Ce Gishiri

Da sunan Allah mai ba da lafiya nake farawa. Sunana Dije. An haife ni a wani ƙauye kusa da Kafur, aka kawo ni aure Maska tun zamanin da ba a bin hanya sai cikin ayari, don tsoron harin Maraɗawa. Yanzu na tsufa, haƙorana sun zube, kunyar da ta kusa halaka ni ita ma ta bi su. Saboda haka zan kira ciwon da na yi da sunansa, don matan da ke tasowa su ji, kada a yi musu abin da aka kusa yi mini.

Maigidana masaƙi ne, da damina kuma ya koma gona. Ni kaɗai ce matarsa, muna zaune gida ɗaya da mahaifiyarsa, wadda duk muke ce wa Iya. Ni ke kaɗa masa zare, shi ya saƙa ya kai marina ko kasuwa. Mutum ne marar yawan magana. Ban taɓa kiran sunansa ba, yau da yake ƙarƙashin ƙasa ma ba zan fara ba. Malam nake ce masa.

Ciwon ya soma ne ina da cikin 'yata ta biyu, Asabe. Cikina ya riƙa ɗaurewa, in shiga masai in daɗe ina yunƙuri, in fito da gumi kamar wadda ta yi daka. Haihuwar kuma ta zo da gardama, na wuni a durƙushe kafin yarinyar ta faɗo. Da aka shiga jego sai aka yi mini duk abin da ake yi wa mai jego: wankan ruwan zafi safe da yamma, kwana a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, kunun kanwa, da nama da ya sha yaji har ido na hawaye. Iya ta tsaya a kaina tsayin daka, ba ta bar ni na ɗauki ko tsinke ba, wannan kam ba zan manta mata ba. Amma kafin in yi arba'in sai na ji wani abu ya tsiro mini a dubura kamar ƙwayar gujiya, in na yi bayan gida jini ya biyo baya.

Na san sunansa, basir ne, kowa ya san basir. Amma a wurinmu ciwon maza ake ɗaukarsa, na masu zaman masaƙa da masu hawan doki. Mace ba ta faɗa. Na yi shiru da shi tsawon goyon nan duka. Wata rana ya lafa, wata rana ya tashi har zama ya gagare ni, in yi kaɗi a tsaye ko a kishingiɗe, in ce bayana ke ciwo.

A al'adarmu mai goyo ba ta zuwa wurin miji sai ta yaye. Da aka yaye Asabe, Iya ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, ni kuma na yi kitso, na yi lalle, na koma turakar Malam da murnata, don ina son mijina. Abin da na tarar ban taɓa sanin irinsa ba. Zafi ne kamar an zuba barkono a sabon miki, gaba da baya, ya kama har ƙugu, washegari in kasa miƙe tafiya. Na ce wataƙila daɗewa ce, zai wuce. Bai wuce ba, sai ma ƙaruwa. Har ta kai in na ji motsinsa ya nufo ni jikina ya ɗaure tamau, ba da nufina ba.

Sai na fara kawo uzuri, yau ciwon kai, gobe yarinya na kuka. Malam ya daina kirana, ya riƙa cin tuwonsa kansa a sunkuye, da safe ya amsa gaisuwata kamar ta baƙo. Daga baya na ji cewa ya ɗauka zuciyata ce ta fita daga gidan.

Iya ce ta gane, don tsohuwa ba a ɓoye mata irin wannan. Ta lura randar wanka ba ta raguwa da asuba. Ta kira ni ɗakinta ta tambaye ni ko Malam ya yi mini wani laifi ne. Na ce a'a. Ta matsa, na ce mata zafi nake ji in na je wurinsa. Iyakar abin da bakina ya iya fitarwa ke nan. Zancen jini da tsiro ban kawo ba, don a lokacin ko ni ban san abu ɗaya ne ba. Iya ta gyaɗa kai ta ce ai wannan gishiri ne, ta sha ganinsa.

Daga nan aka shiga neman magani. Juma'ar farko aka karɓo mini rubutu wurin limamin unguwarmu, na sha, kuma na ji sanyi a zuciyata, Allah Ya saka masa. Ranar kasuwa Iya ta sayo wani jan gari wurin mai magani, aka ce in kwaɓa in cusa. Na cusa, na kwana biyu ina birgima. Wata maƙwabciya ta ce sanyi ne, a yi mini hayaƙi, aka zaunar da ni kan kasko da garwashi na lulluɓa da zane har na kusa suma. Wata ta ce iska ce ta shiga tsakanina da mijina. Kowa ya shigo da nasa sunan ciwon da nasa maganin, akuyata guda ta tafi a haka. Abin da har yau nake jin haushinsa shi ne, cikin duk masu ba da shawarar nan babu wadda ta ce in buɗe ta gani. Jini kuwa yana ta zuba, na yi fari fat, in na miƙe daga bakin murhu sai jiri ya kwashe ni in dafa bango.

Da aka gama girbin dawa Iya ta ce an gaji da wasa, za a kira wanzami ya yi mini yankan gishiri. Wanzamin gidanmu ne, shi ya yi wa yarana askin suna, shi ya cire musu belu, ba mugun mutum ba ne. Yadda ake yi shi ne a danne mace ya sa aska ta gaba ya tsaga, a ce muguwar cutar ta fita da jinin. Aka kai masa goro, aka sa ranar bayan kasuwa. Iya ta kuma gaya mini a fili cewa ɗanta ba zai zauna da mace kamar hoto a bango ba, in wannan bai yi ba to sai dai kowa ya kama gabansa. Na amsa da to, don ban ga wata hanya ba.

Ana gobe kasuwa sai ga Hansai. Ƙawata ce tun ina amarya, an aurar da ita wani ƙauye wajen Funtuwa, daga baya na ji ta dawo gidan wanta a nan Maska ba ta da lafiya, ba ta shiga mutane. Ta shigo da hantsi lokacin Iya ta tafi barka. Na shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama, ta tsaya daga bakin ƙofa. Ban tambayi dalili ba, hancina ya gaya mini. Zanenta a jiƙe yake.

Ta ce ta ji labarin a bakin matar wanzamin, ta kasa haƙuri. Ita ma abin da aka ce tana da shi ke nan, aka yanka ta, tun daga ranar fitsari bai sake tsaya mata ba. Mijin ya jure na ɗan lokaci, sannan ya sallame ta.

Ta ce, "Dije, ni ma zafi kawai nake ji. Da zafina na kwanta wa wanzami, na tashi da wannan. Ki ƙi. Ko za a kore ki, ki ƙi."

Ba ta ko sha ruwa ba ta tafi. Na tsaya ina kallon inda ta tsaya, ƙasa ta yi danshi. A nan na yanke cewa aska ba za ta taɓa ni ba, kuma na ga mutum ɗaya ne zai iya hanawa.

Malam yana saƙa a gindin tsamiyar ƙofar gida. Ban saba zuwa wurin ba sai in zan miƙa abinci. Na jira abokin saƙarsa ya tashi, na je na durƙusa gefensa. Ya ci gaba da jefa ƙoshiya bai dube ni ba. Na ce ina da magana, kuma ina roƙon ya bar ni in kai ƙarshenta, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Sai na faɗa masa duka, idona a kan zarensa: tsiron, jinin, tun yaushe, da abin da nake ji in na zo wurinsa, da abin da na gani a jikin Hansai. Ban taɓa yi wa namiji irin wannan magana ba, kunnuwana har zafi suke.

Ƙoshiyar ta tsaya. Ya ce, "Ashe ba ni kike gudu ba."

Na ce, "Ban taɓa gudunka ba, Malam. Ciwo nake gudu. Amma wanzami ba zai yanka ni ba. In sakina za ka yi a kan haka, na yarda."

Ya ce wa ya yi zancen saki. Ya tambaye ni me nake so a yi. Na ce a kai ni gida, akwai wata tsohuwar ungozoma a wajenmu da mata ke zuwa wurinta, ta duba ni da idonta tukuna.

Da yamma ya shiga wurin Iya. Ina jiyo muryarta daga madafa, tana cewa mata nawa aka yi wa suka tashi lafiya, yau ita za a kunyata a gaban wanzami bayan an kai goro. Shi kuwa bai ɗaga murya ba, haƙuri kawai yake ba ta, yana maimaita cewa a bari a duba tukuna. Da kansa ya je ya ba wanzamin haƙuri. Iya ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau. Duk da haka ranar tafiya ita ta dama mana fura, ta ce in bar mata yaran, in je in ji da kaina.

Muka bi ayarin masu kai tufafi wajen Malumfashi. Malam ya yi mini shimfiɗa mai taushi a kan jaki, amma ko fita ganuwa ba mu yi ba na ce a sauke ni. Mai basir ba ya hawan jaki. Da ƙafa na yi tafiyar nan, ina dafe da kayan, in jiri ya zo in tsaya, madugu yana ta faɗa muna ja masa ayari baya a dajin da ba a tsayawa. Malam ya sha magana saboda ni, bai rama ba.

Muka sauka gidan Goggo Yalwa, ƙanwar mahaifina, don iyayena sun riga mu gidan gaskiya. Ita ta kai ni wurin ungozomar, Inna Tumba, Bafulatanar da ta daɗe da barin daji ta zauna a gari. Mun je da sassafe muka tarar da rumfarta cike: masu ciki, masu goyo, mai yaro da ƙurji, kowa da 'yar ƙwaryar hatsinta a gaba. Ni da ba na iya zama, a tsaye na yi jiran nan jingine da dirka. Rana ta take, ana gab da zuwa kaina aka zo aka ɗauki Inna Tumba zuwa wurin mai naƙuda. Muka koma haka nan. Sai washegari na samu shiga.

Inna Tumba ba ta da daɗin baki. Da na fara kewaye-kewaye ta ce ba ta da lokacin kunya, in kwanta. Ta wanke hannu, ta ja ni wajen haske, ta duba gaba ta duba baya, ta taɓa ta ce nan ne, na ce nan ne. Ta tambayi abin da nake ci da yadda nake fita bayan gida. Da na ce an so a yi mini yankan gishiri sai ta yi tsaki.

Ta ce, "Ba ki da wani gishiri. Basir ne, ga kuma tsaga a gefensa da ba ta warke ba. Ƙofa biyu ce bango ɗaya, 'yar nan. In wuta ta kama ɗakin baya, dole na gaba ya ji zafi. Sannan jikinki ya koyi tsoro, yana rufewa da kansa. Wannan shi zai fi daɗewa."

Maganar nan ta zauna mini a kai har yau. Na fito daga ɗakin ciwona yana nan yadda yake, amma na ji kamar an sauke mini dutse, don an gan shi, an kuma san sunansa.

Abin da ta ɗora ni a kai ba wani abin mamaki ba ne. A dafa bagaruwa a tace, a bar ruwan ya huce ya zama ɗumi, ba mai ƙuna irin na jego ba, in zauna a ciki cikin babban kasko safe da yamma da duk bayan na kewaya. In tsane a hankali in shafa man kaɗe. Ta hana ni barkono da kanwa da ƙanzo da duk abin da ke ɗaure ciki. Ta ce in riƙe tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi, zogale, jiƙon tsamiya, nono, da ruwa mai yawa. Ta ce in na shiga masai abu bai zo ba in taso, kada in yi yunƙuri. Daka da ɗaukar tulu ta ce in manta da su. Sannan ta sa aka kira Malam, ta yi masa magana ta bayan zana yadda kowa a rumfar ke ji, cewa ya bar ni sai ni da kaina na ce na shirya, ranar kuma ya bi a hankali kamar mai tsinkar auduga, in na ce tsaya ya tsaya. Malam ya ce to, ya fita da sauri har ya manta takalminsa. Ya sayar da kayansa ya bi ayari ya koma, ya bar ni wurin Goggo.

Makon farko ban ga wani sauƙi ba. Inna Tumba ta kuma ba ni wani jiƙon filasko don cikina ya saki, ya sake shi fiye da kima, na yi ta zawo har na kasa tashi, wurin ya ƙara ɗanyancewa. Goggo ta je ta yi mata ƙorafi, ta ce ai ba ta ce in shanye ƙwarya guda ba, alhali ita ta cika ƙwaryar. Na bar filasko, na riƙe sauran. A mako na biyu jinin ya fara raguwa. A na uku na yi bayan gida ban ciji zane ba, na fito na tsaya a tsakar gida ina dariya ni kaɗai, Goggo ta ɗauka wani abu ya taɓa ni.

Goggo Yalwa ta yi jinyata kamar ita ta haife ni. Da tsufanta take bin gindin bagaruwa tana tsinto mini 'ya'yan, ita ke ɗora ruwa, ita ke zubarwa. Sau ɗaya na saɓa, aka kawo tuwon suna daga maƙwabta da miya ja wur, na ci na more. Kwana biyu na biya bashin bakina. Ban sake ba.

Da sanyi ya wuce na riga na koma zama a kan tabarma ina kaɗi kamar kowa, fuskata ta ciko, jiri ya tafi. Tsiron bai ɓace ba, ya dai motse ya yi laushi. Inna Tumba ta sake dubawa ta ce tsagar ta haɗe, amma basir baƙo ne da ya san hanya, in na koma wa yaji da yunƙuri zai dawo. Malam ya zo ɗaukata kafin ruwan farko, ya kawo mata zanen saƙi na hannunsa. Ta juya shi ta ce bakin bai yi faɗi ba, ta kuma ɗaura shi nan take.

Gaskiyarta, tsoron ne ya fi daɗewa. Na koma Maska lafiyata lau, amma sai da aka yi shuka aka yi noman farko kafin na ce wa Malam na shirya. Karon farko jikina ya rufe kamar da, na ce tsaya, ya tsaya, muka yi hira kawai. Haka muka yi ta yi, ni da man kaɗena shi da haƙurinsa, har jikin ya yarda cewa ba za a cuce shi ba. Kafin kaka muka koma kamar yadda muke, ko ma fiye, don yanzu akwai maganar da muke iya yi wa juna. Na sake haihuwa bayan nan ba sau ɗaya ba. Kowane ciki basir ɗin kan leƙo, ni kuma in tare shi da kaskona, a jego kuma na ƙi kunun kanwa da yaji, aka yi surutu aka gaji.

Hansai kam ba ta samu irin rabona ba. Na sa wanta ya kai ta wurin Inna Tumba, ta duba ta ce abin da aska ta ɓarka ba ta da zaren ɗinke shi. Haka ta zauna har ta koma ga Allah. Nakan je mu yi kaɗi tare a bayan gidan, in zauna kan tabarmarta. Allah Ya jiƙanta, Ya saka mata, ita da Goggo da Inna Tumba da Malam. Ku kuma mata, in kun ji zafi ku faɗa, ku faɗa wa mai dubawa da ido, kada ku yarda a yanka abin da ba a gani ba.

Iya ba ta taɓa tayar da zancen wanzami ba, ni ma ban tayar ba. Bayan dawowata da kamar wata biyu, ina tace bagaruwa a bayan ɗaki da hantsi, sai na ji mutum a tsaye a kaina. Ita ce. Ta tambayi ko ruwan da zafi ake shiga. Na ce a'a, da ɗumi. Ta tambayi man, na nuna mata. Tana kallon katanga ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, tun haihuwar Malam take fama da irin ciwon nan, ko mahaifinsa bai sani ba har ya mutu.

Malam ɗin da take magana a kai a lokacin har ya fara furfura. Na ɗauki kaskon na kai ɗakinta, na gwada ruwan da gwiwar hannu, na saki asabari, na zauna a bakin ƙofa da mazarina don kada yara su shiga.